Uwar Maƙera da Shaidu Biyu: Tarihin Auren Gudu a Gretna Green

Wajen ƙarfe uku na dare ne, muna zaune a ɗakin shan shayi na asibitin da muke aiki a Carlisle, kowaccenmu ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa, abokiyar aikina ta ce tana son in yi mata shaidar aure. Baturiya ce, ta haura arba'in, mijinta na fari ya daɗe da rasuwa. Ta ce ita da wanda za ta aura ba sa son taro. Mutum huɗu sun isa: su biyu, da ni, da wani aminin ango. A Gretna Green za a ɗaura, cikin maƙera.

Na ce ta sake faɗi in ji. Ta ce cikin maƙera, a gaban uwar maƙera, kuma idan an gama mai ɗaurin auren zai ɗaga masaba ya buga.

Ni 'yar gidan maƙera ce. Kakana ya yi ƙira, mahaifina ya yi ƙira har idonsa ya yi rauni, kuma ƙarar masaba ce take tashina daga barci tun ina ƙarama a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Na san abin da ake kai wa maƙeri: fartanya, lauje, gatari, garma da ta dakushe. Amarya kuwa ban taɓa jin an kai ba. Ta ciro waya ta shiga nuna mini irin adon da take so, mayafin ulu mai zanen murabba'i da suke kira tatan, da damin farin furen heda, da ɗan kofin azurfa mai hannu biyu, da mai busa algaitar nan tasu mai salka, bayansu kuma duwatsu cikin hazo. Ta ce haka masu gudu suke yin aurensu tun da can. Na amsa mata zan zo. Amma maganar maƙerar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na yi makonni ina bin tarihin wurin, wanda daga gidana jirgin ƙasa ba ya cika kwata kafin ya sauke ni a can.

Asalin abin doka ce, kuma ba a Sikotlan aka yi ta ba. Kafin tsakiyar ƙarni na 18, aure a Ingila ya zama kasuwar bayan fage. A Landan, a kewayen kurkukun Fleet, akwai limaman coci da bashi ya kai su gidan yari, suna ɗaura wa duk wanda ya zo aure a shagunan giya, ba tambaya, muddin ya biya. Masu dukiya suka tsorata, domin a dokar lokacin duk abin da mace ta mallaka yana komawa hannun mijinta da zarar an ɗaura. Wanda ya yaudari 'yar attajiri ya aure ta a ɓoye, gonakin ubanta da kuɗinsa ya aura. Saboda haka a 1753 Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar da ake kira da sunan Lord Hardwicke, ta fara aiki ranar 25 ga Maris, 1754. Daga ranar aure ba ya tabbata a Ingila sai a cocin Angalika, bayan an yi shela Lahadi uku a jere ko an karɓi takardar izini, kuma duk wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar uba ko waliyyinsa. An ɗauke wa Yahudawa da 'yan ɗariƙar Quaker.

Dokar ta tsaya a bakin iyaka. Ko da yake Ingila da Sikotlan sun haɗe ƙarƙashin majalisa ɗaya tun 1707, Sikotlan ta riƙe tata shari'ar, kuma a shari'arta aure magana ce ta mutum biyu. Idan namiji da mace suka furta cewa sun ɗauki juna miji da mata, a gaban shaidu biyu, shi ke nan bakin alƙalami ya bushe. Ba a neman limami, ba a neman coci, ba a neman uba. Yaro mai shekara 14 da yarinya mai 12 ma dokar ta yarda musu. Wannan adadin ya dame ni ranar da na fara ganinsa, har yanzu kuma yana damuna, zan dawo kansa.

Gretna Green ƙauye ne kawai da ya yi sa'ar wurin zama. Shi ne na farko da matafiyi zai tarar idan ya baro Carlisle ya haye ƙoramar Sark, kimanin mil goma. Da aka gyara hanyar keken doki ta bi ta nan a shekarun 1770, sai kasuwa ta buɗe. Daga Landan tafiyar mil ɗari uku ce da 'yan kai, kwanaki a kan hanya, ana sauya dawaki a kowane masauki, ana ƙara wa mahaya kuɗi su matsa, saboda a bayansu akwai wani keken ɗauke da uba ko wa. Akwai wasu wuraren a gabashin iyakar da suka yi wannan sana'a, kamar gadar Coldstream da shingen Lamberton, amma sunan Gretna ne ya danne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da ake kira limaman uwar maƙera, galibinsu ba su taɓa riƙe awartaki ba. Joseph Paisley, wanda ya yi shekaru da dama yana wannan aiki tun farkon lamarin, ba maƙeri ba ne, ƙaton mutum ne da ya yi suna wajen shan barasa. David Lang da ya biyo baya ɗan koli ne, ya kuma yi aikin jirgin ruwa. Robert Elliott jikar Paisley ya aura ya gaji sana'ar, har ya wallafa littafin tarihinsa a 1842, inda ya yi iƙirarin ya ɗaura aure sama da 3,000. John Linton mai masauki ne, yana karɓar manyan baƙi a Gretna Hall. John Murray kuma mai karɓar kuɗin hanya ne a shingen da ke bakin gadar Sark, wato shingen ne ginin farko da mai gudu zai taka a ƙasar Sikotlan, don haka ya riƙa tare masu zuwa kafin su ƙarasa wajen sauran. A ɗakin masauki ake yi, ko a ɗakin mai shinge, cikin 'yan mintoci. Mai ɗaurin zai tambayi sunansu da garinsu, ya tambaya ko akwai aure a kan wani cikinsu, ya tambaya ko da son ransu suka zo. Su amsa, a cika takarda, a biya gwargwadon yadda ya ga suturar ango. Shi kansa a idon shari'a shaida ne kawai.

Da na kira mahaifina na ba shi wannan labari, sai da ya yi shiru, sannan ya ce, "To uwata, in ba maƙera ba ne, me ya kai su ga uwar maƙera?" Na ce, "Baba, maƙerar tana nan, tsohuwa ce, tun wajen 1713 aka gina ta, a daidai mararrabar hanyoyi." A zamanin keken doki duk matafiyi sai ya tsaya wajen maƙeri, ko don takalmin doki ko don ƙafar keke, shi ya sa labari ya manne masa. Mutane kuma suka so misalin: yadda maƙeri yake haɗa ƙarfe biyu da zafinsu su zama ɗaya. Baba ya ce wannan kam gaskiya ne, amma su sani ƙarfe ba ya kama ɗan'uwansa sai dukansu biyu sun yi ja daidai, in ɗaya ya fi ɗaya zafi, walda ce ta ƙarya, ranar aiki za ta ɓalle.

Labaran da ake sayarwa a shagunan ƙauyen na manya ne. A watan Mayu na 1782, John Fane, mai sarautar Westmorland, ya gudu da Sarah Anne Child, 'yar shekara 17, tilon 'yar Robert Child mai banki a Landan. Uban ya bi su, kuma ana ba da labarin har harbin doki aka yi a hanya. Bai cim musu ba. Bayan wata biyu ya rasu, amma kafin nan ya sauya wasiyya yadda dukiyarsa ba za ta faɗa hannun magajin sarautar Westmorland ba. Jikarsa mace, Sarah Sophia, ita ta gaji bankin da gidan Osterley. Shekara 63 bayan haka, a 1845, 'yar wannan Sarah Sophia ɗin, Adela Villiers, ita ma ta gudu Gretna da wani hafsan soja mai suna Ibbetson. A 1818 kuwa Lord Erskine, wanda ya taɓa riƙe shugabancin shari'ar Birtaniya gaba ɗaya, ya zo nan da tsufansa ya auri Sarah Buck mai kula masa da gida, domin 'ya'yansa manya ba su so. Sunan ƙauyen ya bazu har Jane Austen ta sa shi a littafinta Pride and Prejudice na 1813, ba tare da ta yi wa mai karatu bayani ba, don kowa ya sani.

Amma mafi yawan waɗanda suka yi aure a wurin ba su da keken doki. Leburori ne da barorin gona da masu saƙa daga gundumar Cumberland, da ƙafa suke zuwa, musamman lokacin kasuwar ɗaukar barori ta Carlisle, ranar da aka biya su ladan wata shida. Auren coci yana da tsada da jira, na Gretna kuwa araha ne. Da jirgin ƙasa ya iso yankin a ƙarshen shekarun 1840, sai abin ya zama tururuwa. Waɗannan ba wanda ya bi su a guje, ba kuma wanda ya rubuta labarinsu, sai sunayensu a rajistar masu shinge, wasu ma alamar gicciye suka yi a maimakon sa hannu.

Akwai kuma Ellen Turner. Ita ce ta hana ni kallon hotunan abokiyata da ido ɗaya kawai.

Shekararta 15, tana makarantar kwana a Liverpool, tilon 'yar William Turner na Shrigley, attajirin masaƙa. Ranar 7 ga Maris, 1826, wani keken doki ya tsaya a ƙofar makarantar da wasiƙa cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, a sallame ta yanzu. Ƙarya ce. Wanda ya shirya abin Edward Gibbon Wakefield ne, mutumin da yake dab da shekara 30, wanda bai taɓa magana da ita ba, kuma shekara goma kafin nan ya taɓa guduwa da wata magajiyar dukiya ya aure ta. A Manchester ya tare ta ya ce ai ba ciwo ba ne, kasuwancin mahaifinta ne ya karye. Suka nufi arewa. A hanya ya ce mata masu bin bashi suna neman mahaifinta, kuma hanya ɗaya ce za ta cece shi, ta aure shi. A Carlisle, garin da nake zaune yanzu, ƙaninsa William ya ce mata ya ga mahaifin da idonsa kuma ya amince. Yarinyar ta yarda. Washegarin ranar da aka ɗauko ta, a Gretna, David Lang ya yi mata tambayar da yake yi wa kowa, ko da son ranta ta zo, ta ce e.

Na yi ta juya wannan "e" ɗin a raina. An cika duk sharaɗin dokar Sikotlan: ta kai shekaru, ta furta, akwai shaidu. Yarinya ce da ta kwana a hanya cikin tsoro, tana ganin uban da take ƙauna za a kai kurkuku, kuma ba wanda ya ja ta gefe ya tambaye ta ina iyayenta. Wakefield ya wuce da ita Calais a Faransa, can danginta suka same su, ta ji gaskiya ta koma gida. An yi shari'a a Lancaster a 1827, aka ɗaure shi da ƙaninsa shekara uku-uku, kuma sai da majalisa ta yi doka ta musamman kafin a warware auren. David Lang ya je ya ba da shaida, ya rasu a shekarar. Wakefield ya fito daga kurkukun Newgate ya zama babban mai tsara mulkin mallaka a Kudancin Ostireliya da New Zealand, sunansa yana kan tituna har yau. Ellen ta auri Thomas Legh na Lyme, ta rasu wajen haihuwa a 1831 tana da shekara 19.

Na taso inda aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi, kuma na ga gidajen da aka yi amfani da wannan haƙƙi aka zalunci 'ya mace, na ga waɗanda aka yi amfani da shi aka kare ta. A tarihin Gretna ma haka na gani. Ƙofar da ta kuɓutar da wadda uba ya tsare don kwaɗayin dukiya, ita ce ta shigar da ɓarawon yarinya, kuma mai karɓar kuɗi a bakin ƙofar bai damu ya bambanta su ba.

Daga nan doka ta riƙa matse abin a hankali. A 1856 dokar Lord Brougham ta wajabta ɗaya daga cikin ma'auratan ya zauna kwana 21 a Sikotlan kafin aure, wanda ya kashe tseren dare. A 1929 aka ɗaga shekarun aure zuwa 16 ga mace da namiji. Abin lura, a wannan zangon ne da sana'ar ta yi sanyi maƙerar ta samu sunan da take da shi yanzu. Wani manomi, Hugh Mackie, ya sayi filin a shekarun 1880, ya ga baƙi suna zuwa neman maƙerar da suka karanta a littattafai, sai ya buɗe musu ita. Richard Rennison, wanda asalinsa badukun sirdi ne, ya tsaya a gaban uwar maƙerar daga 1926 zuwa 1940 ya ɗaura aure 5,147. Shi ne na ƙarshe, domin dokar 1939, da ta fara aiki a watan Yulin 1940, ta soke auren furuci a gaban shaidu kawai. Duk da haka matasa ba su daina zuwa ba, tun da a Sikotlan mai shekara 16 ba ya buƙatar izinin iyaye, a Ingila kuwa sai 21 har zuwa 1970. A shekarun 1950 da 1960 akwai waɗanda suka zo har daga Jamus da Holand, suna ɓuya a ɗakunan haya da rumbunan manoma suna ƙirga kwana 21. Dokar 1977 ce ta cire sharaɗin zaman. Yau dubban aure ake ɗaurawa a Gretna duk shekara, amma sai an kai wa magatakardar aure takardun sanarwa aƙalla kwana 29 kafin ranar.

Saura adon. Da na koma wa abokiyata da abin da na samo, na faɗa mata gaskiya cewa mayafinta da algaitarta ba su taɓa shiga keken masu gudu ba. Tatan da ɗan zanen maza mai ninki da ake kira kilt tufar mutanen tsaunukan arewa ce, Gretna kuwa tana can ƙarshen kudu, ƙasar shimfiɗe mai ciyawa da shanu, ba dutse ba hazon tsauni. Hasali ma dokar 1746, bayan tawayen da aka murƙushe a Culloden, ta haramta wa maza sa wannan tufa in ba soja ba, ba a ɗage ta ba sai 1782, shekarar da Westmorland ya gudu da 'yar mai banki. Tufar ta zama ta ƙasa baki ɗaya ne bayan Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh a 1822 sanye da ita, a bikin da marubuci Walter Scott ya tsara, sannan Sarauniya Victoria da mijinta suka sayi Balmoral a 1852 suka cika gidan da tatan. Cewa kowace zuriya tana da nata zanen, yawancinsa aikin masaƙa da 'yan kasuwar ƙarni na 19 ne. Farar rigar amarya ma Victoria ce ta yaɗa ta da aurenta na 1840. Ɗaure hannun ango da amarya da ƙyalle, wanda yanzu kusan kowa ke yi, kalmarsa tsohuwa ce, da can tana nufin baiko da musafaha, amma naɗa ƙyallen ya yi farin jini ne a zamaninmu, kuma fim ɗin Braveheart na 1995 ya taimaka masa. Kofin nan mai hannu biyu shi kam tsohon kayan karɓar baƙo ne na gaske. Waɗanda suka gudu a da, da tufar tafiya suka yi aure, da taɓo a gefen riga.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ƙawata, mayafin na mahaifiyata ne. 'Yar Inverness ce. Ba za ta iya tafiyar ba, shi ya sa nake son ya zo." Ban ƙara cewa komai a kan ado ba. Ni ce ma na goge mayafin daren jajibiri, na sa ɗan ƙyalle mai laima a kai saboda kada dutsen guga ya ƙona ulun, na kuma ɗaure mata furen heda da zare a ɗakin girkina.

Ranar ana yayyafi. Ɗakin maƙerar gajere ne, farin bango, baƙaƙen katakan rufi, ga zuga-zugi ƙato rataye, fatarsa ta bushe. Na duba murhun, ba toka, ba warin gawayi. Amma uwar maƙerar ta gaske ce. Na ɗora tafina a kanta kafin a fara, na ji sanyinta da 'yan ramukan da duka ya bari a fuskarta, irin waɗanda na sani a ta gidanmu. Matar da ta ɗaura auren, mai rajista ce da izinin hukuma, ta tambayi ango, ta tambayi amarya. Na kafa wa abokiyata ido lokacin da take amsawa, domin abin da aka kira ni in gani ke nan, kuma na ji muryarta ba ta rawa. Suka ɗora hannu a kan ƙarfen, suka janye, aka buga masaba sau ɗaya. Ƙarar ta fita tas, ta ɗan daɗe a cikin ɗakin.

Aka kawo takardar da alƙalami mai baƙar tawada. Ango ya sa hannu, amarya ta sa, aminin ango ya sa, ni ma na rubuta sunana da na mahaifina a layin shaida ta biyu. Muna fita mai algaita ya fara busa a ƙarƙashin rumfa, ita kuwa ta miƙa mini furen ta ce in riƙe mata, ta ja mayafin ta rufe kanta saboda ruwa, ta koma gefen bango tana kiran mahaifiyarta a waya.